Gwangwanin Hotunan Surukata: Ta Ina Zan Fara Neman Asalinsu a Ayalan?

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Liverpool shekara 16 ke nan. Surukata ta rasu wata huɗu da suka wuce, kuma da muka je kwashe kayan ɗakinta sai muka tarar da wani tsohon gwangwanin biskit a ƙarƙashin tufafi, cike da hotuna sama da arba'in. Maigidana bai gane kowa a ciki ba in ban da mutum biyar ko shida. Abin da aka gada a gidansu game da asali magana ɗaya ce tak, wato daga Mayo suke a ƙasar Ayalan, kuma yunwa ce ta koro su. 'Yata ta fari tana iya jero kakanninta na wajena har hawa biyar, domin mahaifina ya zaunar da ita ya koya mata, amma da ta tambayi babanta nasa sai ya tsaya a kan kakansa, kuma na ga abin ya taɓa shi ƙwarai.

Hotuna uku ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko saurayi ne sanye da kwat, an manna hoton a kan kwali mai kauri, a bayansa akwai tambarin shagon hoto da adireshin Sackville Street, Dublin. Na biyu budurwa ce da babbar hula, tambarin shagon na Cleveland ne a Amurka, an rubuta da fensir cewa tsaraba ce ga Delia. Na uku ƙarami ne, tsohuwa ce lulluɓe da baƙin mayafi a ƙofar wani ɗakin jinka da aka shafe da farar ƙasa. Delia ita ce kakar surukata ta wajen uba, kuma 'yar autarta tana raye, shekararta 93, tana gidan kula da tsofaffi. Ta ina zan fara, daga hotunan ko daga takardun hukuma?

Bakano77:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ba na son in sanyaya miki gwiwa, Hajiya, amma abin da na ji shi ne duk takardun tarihin Ayalan sun ƙone a yaƙin da suka yi a 1922, shi ya sa jikokinsu da ke Amurka suke shan wahala wajen gano tushensu.

DanKatsina_a_Dublin:
Malam Bakano, maganarka tana da tushe, amma an faɗaɗa ta fiye da yadda take. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, gidan adana takardun hukuma da ke harabar Four Courts a nan Dublin ya tashi da wuta, kuma a nan aka yi asarar takardun ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 in ban da gutsattsari, tare da wasiyyoyi masu yawa da kundaye da dama na cocin Angalika. Ƙidayoyin 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin wannan gobara. Sai dai ƙidayar 1901 da ta 1911 sun tsira ɗungurungum, suna kan intanet kyauta a shafin National Archives na Ayalan. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda aka wajabta wa kowa daga 1864, a wani ofishi dabam take, wutar ba ta taɓa ta ba, kuma ana ganin hotunan shafukanta kyauta a IrishGenealogy.ie. Kundayen cocin Katolika su ma suna hannun limaman kowane yanki a lokacin, kuma ɗakin karatu na ƙasa ya sa waɗanda suka kai wajen 1880 a intanet tun 2015.

Yanzu mu yi lissafi. In 'yar autar Delia tana da shekara 93, to ita Delia da wuya a ce an haife ta kafin 1885. Wannan ya sa ta faɗo daidai cikin zamanin da takardunsa suka fi cika, don haka ke kam gobarar ba ta shafe ki ba sai kin haura hawa biyu sama da ita.

Tsohuwar_Malama:
'Yata, ajiye kwamfuta tukuna. Takarda za ta jira ki shekara goma, amma mai shekara 93 ba ki da tabbacin gobenta, kamar yadda babu wanda yake da tabbacin tasa. Ki je wurinta cikin makon nan. Kada ki kai mata gwangwanin gaba ɗaya, ki ɗauki hoto uku ko huɗu kawai, ki je da safe lokacin da hankalin tsofaffi ya fi zama wuri ɗaya, ki nemi izininta ki ɗauki muryarta a waya. Kada kuma ki sa mata amsa a baki da cewa ko wannan ce wance. Ki miƙa mata hoton ki yi shiru. Na yi wannan kuskure da gwaggona a Daura, na riƙa jefa mata sunaye tana cewa e don ta faranta mini, daga baya na gane rabin abin da na rubuta nawa ne, ba nata ba.

MaiHoto_Jos:
Sana'ata ke nan na gada, kuma na ɗan karanta tarihin ta. Hoton da aka manna a kwali iri biyu ne ya fi yawa. Akwai ƙarami, wanda bai kai tafin hannu ba, ya yi tashe a shekarun 1860, sai babba mai tsawon kusan inci shida da rabi wanda ya fito a 1866 ya ci kasuwa har farkon ƙarni na 20. Ki auna naki ki gaya mana. Adireshin ma shaida ne, domin Sackville Street ita ce aka mayar O'Connell Street a 1924. Ƙaramin hoton tsohuwar kuwa ina kyautata zaton da kyamarar hannu aka ɗauka. Kodak ta fitar da irin wannan kyamara mai suna Brownie a 1900, amma talakan karkara bai cika mallakarta ba, sau da yawa ɗan gida da ya zo ganin gida daga ƙetare shi ne ke zuwa da ita. Ki duba bayansa, in an buga shi kamar katin aikawa ta gidan waya da layi ya raba bayan biyu, to bai riga 1902 ba a ƙasashen Biritaniya.

Roƙona gare ki, kada ki sa musu salatif ko gam, kada ki kai a yi musu laminetin, kada ki rubuta da biro a bayansu. Ki ɗauki hoton gaba da baya na kowanne, ki ba shi lamba, ki kuma bar su a jerin da kika same su, domin wanda ya ajiye su yakan haɗa 'yan ɗaki ɗaya wuri ɗaya.

Dalibin_Tarihi:
Akwai abin da bai daidaita ba, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Babbar yunwar Ayalan ta faru ne daga 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta kama dankalin Turawa wanda shi ne abincin talaka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan ɗaya ko fiye suka bar ƙasar, kuma Mayo tana cikin wuraren da abin ya fi muni, domin jama'arta ta sauko daga kusan 389,000 a 1841 zuwa kimanin 274,000 a 1851. Matar da aka haifa bayan 1885 ba wannan yunwar ce ta koro ta ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa labarin baka ba hujja ba ne. Jikokin 'yan Ayalan kusan duka suna jingina hijirarsu ga yunwar saboda ita ce labarin da ya fi shahara, alhali an ci gaba da fita shekara ɗari bayanta.

Bagobiri_Maradi:
Ɗana Dalibi, ka yi saurin yanke hukunci. Mu da muka tashi a gidajen da ake riƙe salsala da ka, mun san yadda labari ke tafiya. Ba ya cika ƙirƙiro abin da bai faru ba, abin da yakan yi shi ne ya haɗe hawa biyu ko gida biyu su zama ɗaya, a ɗauki abin da ya sami kaka a ɗora wa jika. A gidanmu ana cewa Kakalaba ce ta taso da mu daga garinmu na asali, wato yunwar wajen 1913 zuwa 1914, sai da na bincika na tarar dangin kakata ne ta taso, su dangin kakana sun riga su zuwa da shekaru. Ita Delia ai ba ita kaɗai ta haifi 'ya'yanta ba. A duba dangin mijinta kafin a ƙaryata mutane.

DanKatsina_a_Dublin:
Ina bayan Baba Bagobiri a nan, kuma tarihin Liverpool yana goyon bayansa, domin a 1847 kaɗai kusan mutum 300,000 suka sauka a tashar jirgin ruwan garin daga Ayalan, wasu suka wuce Amurka, wasu suka zauna. Ina kuma tunatar da Malam Dalibi cewa ita ma takarda tana faɗin abin da aka gaya mata ne. A 1908 aka yi dokar fansho ga wanda ya kai shekara 70, aka fara biya a Janairun 1909. Duk wanda ya saba da ƙidayoyin nan biyu ya san za ka ga mutum yana da shekara 55 a 1901, a 1911 kuma ya zama 72. Wasu sun ƙara, wasu kuma da ma can ba su taɓa damuwa da sanin shekarunsu ba sai da kuɗi ya shigo ciki. Tun da waɗannan tsofaffi an haife su kafin a fara rajista, ɗaya daga cikin tambayoyin da aka riƙa yi musu ita ce ko sun tuna daren babbar guguwa ta 6 ga Janairu 1839. Ka ga ke nan hukuma da kanta ta koma ga abin da ke kan tsoho, kamar yadda namu ke cewa an haife su shekarar zuwan Sarauniya Kaduna, mu lissafa mu ce 1956.

Dalibin_Tarihi:
Na karɓi gyara a kan cewa takarda ma tana kuskure. Abin da nake tsaye a kai shi ne kada a rubuta wa yara wani abu a matsayin tabbas sai shaida biyu masu zaman kansu sun haɗu a kansa. Abin da ya zo ta baki ɗaya a rubuta shi, amma a sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Saratu_Shendam:
Ni Katolika ce, bari in ƙara abin da na sani daga cikin gida. Hajiya, in kin nemi Delia a rajista ba ki same ta ba, kada ki karaya, ki nemi Bridget, domin a yammacin Ayalan sau da yawa Delia laƙabin Bridget ne. Haka Nora takan fito a matsayin Honora ko Hannah, Owen kuma a matsayin Eugene. Kundayen baftisma da yawa da harshen Latin fada, wato limamin coci, ya rubuta su, inda James ke zama Jacobus, William ke zama Gulielmus. Suna da al'adar sa suna mai kama da tamu: ɗan fari namiji sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Ba doka ba ce, amma in kin jera sunayen 'ya'yan Delia bi da bi, za ki iya hasashen sunayen iyayenta. Sannan ki tambayi tsohuwar ko tana da littafin addu'a na mahaifiyarta. Suna da al'adar buga ɗan ƙaramin kati in mutum ya mutu, da sunansa da ranar rasuwarsa da ƙauyensa, a aika wa dangi na nesa don su yi masa addu'a, kuma cikin littafin addu'a ake soke shi.

Ummu_Sadiq:
Maganar Anti Saratu ta tuna mini da mahaifiyata, wadda ta yi makarantar St Louis a Kano, wadda sistoci 'yan Ayalan suka kafa bayan zuwansu garin a 1948. Tana da hoton ajinsu da wata sista a tsakiya, tana tuna fuskarta da yadda take koyar da lissafi, amma sunan da ta riƙe na addini ne, ba na gidansu ba. Nakan yi tunanin can a wani ƙauyen Ayalan akwai iyalin da ke da kwafin wannan hoton cikin nasu gwangwanin, suna kallon 'yan matan Kano ba su san sunan ko ɗaya ba.

Saratu_Shendam:
Haka ne, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi suna adana takardun mutanensu sosai. Limaman SMA, wato ƙungiyar mishan ta Katolika mai aiki a Afirka, da suka yi aiki a yankinmu cibiyarsu tana Cork a Ayalan. In kin rubuta wa ƙungiyar sistocin da sunan addinin da shekarun, akwai kyakkyawan zaton za su gane wadda kike nufi.

Injiniya_Manchester:
Mu dawo kan tambayar Maman Hanan. Shawarata ki fara daga Ingila ki koma baya, kada ki yi tsalle zuwa Mayo. Ba za ki sami sunanta a jerin fasinjojin jirgi ba, domin daga 1801 har zuwa 1922 Ayalan da Biritaniya ƙasa ɗaya ce, tsallakawa Liverpool tamkar tafiya daga Kano zuwa Kaduna ce a idon hukuma. Ki nemi takardar aurenta, za ta ba ki sunan mahaifinta da sana'arsa. Ki duba ƙidayar Ingila ta 1921 wadda aka buɗe a 2022, tana da gurbin wurin haihuwa, kuma ki riƙe ta da kyau domin ta 1931 ta ƙone a 1942, ba a kuma yi ƙidaya a 1941 ba saboda yaƙi. Abin da kike farauta shi ne sunan abin da suke kira townland, wato ɗan ƙaramin yankin karkara wanda wani lokaci bai wuce gidaje goma ba. Akwai su sama da 60,000 a tsibirin. Ba tare da shi ba, neman wata Bridget a Mayo daidai yake da neman wata Hauwa a Kano.

Hoton Cleveland ma kada ki raina shi. Mutanen yammacin Mayo, musamman na tsibirin Achill, sun taru a wannan gari da yawa. Takardun jiragen da suka shiga Amurka daga 1907 suna ɗauke da suna da adireshin ɗan uwa mafi kusa da aka baro a gida, saboda haka 'yar uwar da ta tafi Amurka tana iya zama ita ce za ta nuna miki ƙofar gidan.

Bakano77:
Na ƙaru ƙwarai, na kuma janye maganata ta farko. Amma me zai hana maigidan ya yi gwajin DNA kawai a huta?

Tsohuwar_Malama:
Gwajin yana haɗa mutum da dangi, amma yakan kuma tono abin da iyali suka rufe, kuma ba mai gwajin kaɗai abin ke shafa ba. A ƙasar Ayalan an yi zamanin da ake kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure wasu gidaje na musamman, a raba su da jariransu, har sai a 2022 aka yi dokar da ta ba irin waɗannan 'ya'ya cikakken haƙƙin ganin takardun haihuwarsu. Ban ce akwai wannan a gidanku ba, 'yata. Ina cewa ne in tsohuwa ta kai kan wani hoto ta kife shi, ki bar shi a kife, ki kuma bar maganar gwaji sai shi maigidan da 'yan uwansa sun zauna sun yarda.

Maman_Hanan:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Mama Malama, na je wurin Gwaggo sau biyu tare da Hanan. Ta ce tana da shekara tara mahaifiyarta ta rasu, shi ya sa abin da ta riƙe kaɗan ne, amma ta tuna tana ƙirga ƙwai da wani harshe da ba Turanci ba, ta kuma tuna ta ce mata mahaifinta da yayyenta maza sukan zo Ingila aikin girbi kowace shekara su koma, ita kuma ta biyo su wata shekara ta kama aikatau ba ta koma ba. Da na tambaye ta batun yunwa sai ta ce ai wannan labarin gidan babanta ne, kakanninsa ne suka zo a jirgi ba ko takalmi. Baba Bagobiri, maganarka ta fito. Budurwar Cleveland ta ce ƙanwar mahaifiyarta ce da ke aiko musu da kaya. Saurayin Dublin ba ta san shi ba, kwalin kuma babban ne, Malam MaiHoto. Hoton tsohuwar ta daɗe tana riƙe da shi, ta ce tana ganinsa a kan kantar ɗakinsu, amma ba ta taɓa jin an faɗi sunanta ba.

Anti Saratu, littafin addu'ar yana nan, kuma akwai kati biyu a ciki. Ɗaya na wani namiji ne da ya rasu a 1934, da sunan ƙauye a yammacin Mayo. Na shiga ƙidayar 1901 da wannan suna, sai na tarar da gida biyu masu sunan dangi ɗaya, kowanne da yarinya Bridget, ɗaya shekara 8, ɗaya shekara 11. Na rasa wacce ce tamu.

DanKatsina_a_Dublin:
Madalla, kin yi nisa. Abin da Gwaggo ta bayyana cin rani ne sak, kuma Mayo ce ta fi kowace gunduma tura irin waɗannan ma'aikata gonakin Ingila da Scotland. Game da gidajen biyu, takardar auren da Injiniya ya ambata za ta iya raba gardama in sunayen iyayen maza sun bambanta. Akwai kuma wata dabara. Kowace ƙidaya tana da wani fom dabam na gine-gine, B1, inda ɗan sandan da ya yi ƙidayar ya rubuta irin bango da rufi, yawan ɗakuna, da yawan tagogin da ke gaban kowane gida. Ki ƙirga tagogin da ke hoton tsohuwar ki kwatanta. Ki kuma leƙa dúchas.ie, inda aka sa labaran da 'yan makarantar firamare sama da 50,000 suka tattaro daga bakin tsofaffin ƙauyukansu daga 1937, da sunan wanda ya ba da labarin da ƙauyensa.

Dalibin_Tarihi:
Dabarar tagogi tana da kyau, amma a yi hattara da ita. Ba mu tabbatar cewa gidan da ke hoton shi ne gidan su Delia ba, kuma tsakanin 1901 da lokacin ɗaukar hoton ana iya ƙara ɗaki ko huda taga. A riƙe ta a matsayin alama har sai takardar aure ta zo.

Bagobiri_Maradi:
Ni kuwa zan ce gida biyu masu suna ɗaya a ƙauye ɗaya, da wuya a ce ba kaka ɗaya suka haɗa ba. In Allah ya ba da iko ku je ƙauyen da hoton a hannu, ku nemi mafi tsufa, ku tambayi laƙabin da ake bambanta gidajen biyu da shi, domin duk inda suna ya yi yawa sai an yi laƙabi.

Maman_Hanan:
Na aika neman takardar auren, sun ce sai nan da wasu kwanaki. A hoton taga biyu ake gani sosai, amma akwai wata inuwa a bayan kafaɗar tsohuwar da ban tantance ko taga ce ta uku ba, kuma a fom ɗin gida ɗaya taga biyu gare shi, ɗayan uku. Malam MaiHoto, in na turo maka hoton ta saƙon sirri, za ka iya ƙara masa haske ba tare da an sauya abin da ke ciki ba?

MaiHoto_Jos:
Zan iya gwadawa, Hajiya. Ki sa a ɗauke shi da na'urar sikana a mafi girman ƙarfinta, kada ki turo ta WhatsApp a matsayin hoto domin yana rage masa inganci, ki turo shi a matsayin fayil. Ki haɗa da bayansa, ina son in ga irin takardar da aka buga shi a kai.